Bidiyon Walimar Mardiya

Azarori, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Muntari, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Samira da yara. Mu nan lafiya lau. An gama yankan hatsi, an sa a rumbu, mun gode wa Allah. Ɗakin Inna yana nan a rufe tun sadakar arba'in, Allah Ya jiƙanta.

Ka aiko sau uku kana tambayar bidiyon walimar saukar ɗiyata Mardiya, domin shi ne hoton Inna na ƙarshe. Ni na tsare shi, kuma ga dalili. Ranar walimar, mata ashirin da uku suka shiga cikin gida. Na tsaya gabansu na ce Fiddausiya, matar ƙanenmu Bawa, ita kaɗai za ta ɗauka, ita za ta gyara, kuma ba namijin da zai gani sai an rufe fuskar duk wadda ba muharramarsa ba. A kan maganata suka ajiye hijabi, suka zauna yadda mata ke zama in babu maza.

Yanzu Fiddausiya ta ce ordinatar ɗinta ta gida, wato kwamfutarta, ba za ta iya aikin ba. Wai ƙwaƙwalwar na'urar jiga huɗu ce a ma'auninsu, aikin kuwa yana son takwas ko sha shida, wai kuma ta yi kuskure ta ɗauka da mafi kyawon hoto da wayar ke iyawa, shi ya sa ya yi nauyi. Ta ce rufe fuskoki shi ne abin da ya fi wahalar da na'ura. Mafita ɗaya, a cewarta, a kai shi shagon Bawa a Madawa, inda babbar na'urarsa za ta gama cikin minti arba'in.

Ban yarda ba, sai na ce ta yi a gabana. Na zauna tun hantsi ina kallon wani ɗan layi yana rarrafe a fuskar na'urar. Na tashi na yi azahar, na komo, yana ashirin cikin ɗari. Da la'asar ya kai talatin da takwas, na'urar ta yi zafi kamar murfin tukunya, ta yi ƙugi, ta mutu. Fiddausiya ta dube ni. Wannan kallon ne ya tsaya mini a rai, don ban ga mamaki a fuskarta ba. Kuma an shaida mini Bawa ya kafa talabijin a bakin shago, yana fuskantar hanya, yana nuna bukukuwan mutane domin ya jawo masu son a ɗauke su.

Na san zato zunubi ne, Muntari. Na tuhumi kaina ko tsohon saɓanina da Bawa ne ke yi mini magana a kunne, ko jahilcina ne nake kira tsantseni. Yarinyar ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Duk da haka zuciyata ta ƙi kwanciya.

Kai ne mai gyaran waɗannan na'urori, ka amsa mini tsakaninka da Allah, ba don kana son ganin bidiyon ba. Da gaske ne hoton awa biyu yana cin yini guda? Ana iya sa na'ura ta yi nawa da gangan? Ba a iya rage nauyin hoton, ko a yi shi gutsure-gutsure a nan gida, ko da zai ɗauki wata? Na ce a yanko wurin Inna kawai, sai na ga tana zaune tsakiyar matan, babu inda ta fito ita kaɗai.

Katin wayar da bidiyon ke ciki yana hannuna. In ka ce Fiddausiya ta yi gaskiya, zan je ɗakinta da ƙafata in roƙe ta gafara. Amma in ka ce babu hanya sai shagon, zan sa a goge shi a gaban idona, ka yafe mini. Matan nan ba su san jiga ba, ni suka sani.

Ga abin da na gani a ciki, ko da ba ka samu gani ba. Inna ta ɗaura koren kallabin da ka aiko mata. Da Mardiya ta kai ƙarshen sura, ta ɗora mata hannu a ka, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ba ta yi tari ba ko sau ɗaya.

Ka gaishe da Samira, da Yusufa da Binta, da Malam Halidu mai masaukinku. Mardiya da babanta suna gaishe ka. Allah Ya tsare mana imaninmu.

Yayarka,
Cima