Gidan da ka ce kana da shi

Sallama gare ka Sale, da fatan kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta ba, dama ko kana raye ni zan karanta maka. Ni ne Ɗanjuma mai faci, wanda duk Ɗanbatta babu mai hannunsa.

Har yanzu haushinka nake ji wallahi. Kowa ya san ni ne mai cika baki a tasha, kai me ya kai ka?

Ranar da fartanya ta sare ka wajen ƙodago, ƙafar ta kumbura kamar tulu, wa ya goya ka a mashin? Ni. Gudun da na yi ko motar asibiti sai ta ba ni hanya. A asibiti aka shiga da kai imajensi, aka wanke, aka naɗe, aka yi maka ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar ta ce gado ya yi kaɗan, in kana da wajen kwanciya mai rufi za ta sallame ka, amma kar ruwa ya taɓa ciwon. Sai ka buɗe baki ka ce kana da gida, har da ɗakin kwano. Sale! Rumfar kasuwa ce gidan?

Na rantse mata a rumfa kake kwana, kuma tana yoyo. Ta yi dariya, wai ta san ni da barkwanci. Sau ɗaya na faɗi gaskiya a rayuwata, ka ƙaryata ni a gaban mutane. Na ce ka zo shagona, ka ce warin roba. Damina fa ake! Da muka koma kana zazzaɓi, ƙafar ta yi baƙi, likita ya hau ni da faɗa don me ban ajiye ka a gida ba. Wane gida?

Gero ya yi bana. Rumfarka mai tattasai ya shiga, kuma yanzu aka gyara rufin. Mai shayi har yau yakan manta ya zuba kofi biyu.

Abin da ban taɓa gaya maka ba, duk labaran da nake zubawa a tasha don kai nake yi, kai kaɗai kake dariya har da hawaye.

Kabarinka ni na haƙa, ni na jera itacen, na yaɓe da hannuna. An yi ruwa jiya, da safe na je na duba. Ko ɗigo bai shiga ba.

Allah ya jiƙan ka, mai taurin kai. Sai na zo.

Naka, Ɗanjuma sarkin faci