Macijin Yashi a Cikin Jan Kifi

Boca Mansa, 4 ga Mayu

Yaya Herminia,

Ina gaishe ki da kyau. Ya birni, ya ciwon gwiwar? Ki gaishe min da maigidanki Fulgencio.

Maigidana Nicanor ba shi da lafiya. Wata uku ke nan wani ƙullutu ya fito masa a ciki, ƙasan haƙarƙari, tauri kamar ɗanyen mangwaro. Na ce mu hau jirgin ruwan Alhamis mu zo asibiti, har ya yarda. Sai ni da hannuna na ɓata komai.

Ranar Talata ina feɗe jan kifin da ya kamo, sai wuƙata ta ci karo da wani abu a bayan tumbi. Na zaro shi: macijin yashi ne, ya bushe ƙarau, baƙi, a nannaɗe. Kin san su, kifayen nan dogaye da ke shiga yashi da wutsiya su bar kai kaɗai a waje. In babban kifi ya haɗiye ɗaya da rai, sai ya huda tumbin da tsinin wutsiyarsa don ya fita, ya maƙale a cikin jiki, ya mutu a can. Kifin kuwa ga shi da ƙiba, idonsa tas.

Nicanor ya karɓa ya daɗe yana juya shi. Ya kira ni da sunan da ya saba kirana, ya ce, “Kin gani, Lalita? Shekara nawa wannan yana yawo da abinsa? Wa ya kai shi asibiti? Nawa ma zai bushe.”

Na ce, “To kai kifi ne?” Ya yi dariya, ya ajiye abin a kan taga. Ya fasa tafiyar.

Ƙanwarki,
Eulalia

Boca Mansa, 19 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Mu kam sai godiya.

Yanzu guda biyar ne a kan tagar. Duk masuncin da ya samu ɗaya sai ya kawo masa, wai ƙarfafa masa zuciya suke yi. Ba na iya dafa shinkafar kwakwa ba tare da na juya musu baya ba.

Ya daina fita su. Da hantsi, in teku ya janye, sai ya je ya zauna a ruwa mara zurfi inda ramukan macizan yashin suke, ya tura ƙafafunsa cikin yashi. Jiya na kai masa shayi, na tarar da kawuna sun fi ashirin a waje kewaye da shi, bakunansu na buɗewa suna rufewa. Inuwata na faɗa musu duk suka nutse. Shi kuwa ba sa gudunsa. Ya ce, “Kin kore min baƙi.”

Yaya, tsoro nake ji. Ya rame, cikin kaɗai ke girma.

Taki,
Eulalia

Boca Mansa, 2 ga Yuli

Yaya Herminia,

Ina gaisuwa. Ki karanta wannan a zaune.

Shekaranjiya da safe teku ya jefo wani ƙaton jan kifi matacce, ciki a kumbure. Ba a cin irin wannan, amma na ɗauko shi na feɗe a gaban Nicanor. Macijin na ciki, bai bushe ba, ya yi wa hanjin kaca-kaca.

Na ce masa, “Biyar ɗinka duk daga kifin da ya rayu har ya ciji ƙugiya suke. Waɗanda abin ya kashe ba sa zuwa kan teburina, Nicanor. Suna can ƙasan ruwa, ba wanda ya ƙirga su.”

Ya zauna a gaban kifin har rana ta take. Can ya kamo hannuna ya ɗora a cikinsa, ya ce, “Lalita, tun Mayu nake jin yana ci gaba. Ƙarya nake miki.”

Za mu hau jirgin Alhamis. Ki sa Fulgencio ya zo bakin ruwa da kujera, don Nicanor ba ya iya taka tsani. Kuma don Allah, in kin ga yadda ya rame, ki tsaya har sai ya yi magana kafin ki ce ba shi ba ne.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Eulalia