Kafin a Cire Azarar Zaurenku

Lome, cikin watan Yuni, 1984

Zuwa ga Wasila, sanyin randar zuciyata, inuwar gawo a tsakiyar rani, hasken da nake auna kowane haske da shi. Gaisuwa mai tarin yawa daga bakin teku zuwa Gaffati.

Bayan gaisuwa, tsoro ne ya riƙe mini alƙalami, masoyiyata. Modu direban kamiyo, babbar motar da ke ɗaukar kaya daga nan zuwa Damagaram, ya iso jiya, kuma labarin da ya kawo ya hana ni cin abinci. Ya ce rijiyoyinku sun ƙafe, rumbuna sun zama kango, mata sun koma jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci don a ci. Ya ce mutane na farke rufin ɗakunansu suna kai azara kasuwa don tiyar hatsi. Ya ce mahaifinki Baba Ari ya fara maganar kwashe ku zuwa kudu, ba wanda ya san wane gari. Da na tambaye shi ke fa, sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya gan ki, warwaronki yana zamewa har gwiwar hannu, don rabonki kike tura wa ƙannenki.

Wayyo Wasila! Ina zan sa kaina?

A nan ruwan sama yake zuba kamar da bakin ƙwarya, yana bin kwata yana komawa teku, ni kuwa ina kallonsa ta taga kamar mai kallon ɓarawo. Muna zaune a ajin koyon zanen gini, mushe, wato malaminmu, yana tambayarmu mene ne kyau a gini. Shin daidaiton tsawo da faɗi ne? Shin yadda haske ke sauka a bango ne, inuwa ta bi bayansa? Shekara uku ina son wannan tambaya kamar raina. Yau ya aza mana hoton wani soro na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a allo, yana yaba bakan da ke ɗauke da rufinsa, 'yan ajinmu suna ta rubutu, ni kuwa hankalina yana Gaffati. An koya mana cewa gini ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi: tsaga ce siririya, sai ta buɗe, sai ta kai tushe. Ashe ba gargaɗin ne Modu ya kawo mini ba?

Kin tuna ranar da na zo zana ƙofar gidan gwaggonki a Birni? Ina tsugune da takarda a gwiwa, ina fama da zayyanar bangon, kika fito da kwanon ruwa. Kika leƙa zanen, kika ce ya yi kyau, sai dai gidan nawa ba kowa a ciki, ko akuya. Na yi dariya a ranar, ya tauraruwata. Yanzu maganar ce ke firgita ni. Ina ganin kaina na sauka a Gaffati, na tarar da zaurenku ba rufi, na yi sallama, bango ya mayar mini da muryata. Wa zan tambaya? Wace hanya zan bi, alhali hanyoyin kudu sun fi jijiyoyin ganye yawa?

Ina roƙonki abu biyu, don Allah don Annabi. Ki ci rabonki, ko loma uku ce, domin ƙannenki sun fi bukatar yayarsu a tsaye. In kuma tafiyar ta zama dole, ki roƙi Baba ku biya ta Birni, ki bar wa gwaggo sunan garin da kuka nufa.

Ni kuwa na riga na yanke. Na sami mushe na gaya masa zan tafi gida. Ya ce in na tafi kafin jarrabawa, shekarar ta faɗi, wataƙila har da gurbina. Na ce masa na ji. Wannan takarda za ta riga ni da motar yau. Ni ina bayan kamiyon Modu da zarar ya gama lodi, da buhun masara biyu a ƙarƙashina. Lakkol da karatunta tana iya jira, ko ta ƙi. Ke dai ki jira ni da ranki.

Naki a damina, naki a fari, har ranar da za a mayar da ni ƙasar da ake yin tubali da ita,

Suma'ila