Ni Na Buge Mai Babur, Yayana Ke Tsare A Jos

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yi mini hukunci kafin a kai ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni matashi ne a unguwar Fadaman Mada a Bauchi, na gama difloma, ba aiki. Yayana Habu ke riƙe da gidanmu da wata tsohuwar akori-kura da Baba ya bari, yana kai kayan gwari Jos. Watannin baya na raka shi, a hanya na nace ya ba ni tuƙi alhali ba ni da lasisi. Muna shiga Jos na buge wani mai babur, ƙafarsa ta karye. Kafin mutane su taru Yaya ya finciko ni daga kujerar, ya ce, "Rufe bakinka, ni ke tuƙi." Na rufe kuwa, kamar ba namiji ba. Har yau yana gidan yari yana jiran shari'a, Inna kuma tana ta sa mini albarka wai ina wahala a kan ɗan'uwana.

Ba mu da halin ɗaukar lauya. Aka ce akwai ofishin da ke ba talaka lauya kyauta, na je na nan Bauchi. Wani jami'i ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "A Filato aka yi abin, can za ka." Na je can, wata mata ta tambaye ni sana'ar Yaya, na faɗa. Ta ce, "Mai mota ai ba ya cikin waɗanda muke taimako." Na ce, "Hajiya, motar da sai an tura take tashi? Wadda ke hannun 'yan sanda tana ruɓewa?" Ta ce ita dai ƙa'ida ta sani.

Wace irin ƙa'ida ce wannan? Sai mutum ya mutu za a yarda talaka ne? 'Ya'yan GRA su buge mutum, kafin la'asar suna gida suna shan shayi, mu kuwa ana wurga mu daga jiha zuwa jiha!

Ina fita matar ta ƙara da cewa, "Da irinka ne marar aiki, da tuni mun ba shi lauya."

Na je gidan yarin na gaya wa Yaya zan fito in faɗi gaskiya. Ya daka mini tsawa ta bayan wayar da ta raba mu: "Kana so su haɗa mu biyu? Ni ƙarya, kai tuƙi ba lasisi. Wa zai zauna da Inna?"

Matarsa ta kusa haihuwa, jiya ma ita ta zuba mini tuwo. Na kasa ci. In na yi magana wataƙila mu biyu za a rufe, in na yi shiru shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali ba mai kare shi. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?