Goggo Lesieli Ta Tarar Ana Cin Gyaɗa

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Ina fatan ruwan bana bai ɓata muku gona ba. Mu nan Toowoomba ta ƙasar Ostiraliya lafiya lau, kada ki sa komai a ranki.

Na san labari zai riga wasiƙar nan isa gida Tonga, amma gara ki ji daga bakina. Ranar Juma'a maigidana Manase ya gayyato abokan aikinsa shan giya, biyar zuwa bakwai na yamma. An rage masa kwanakin aiki, yana neman shiga wajen shugabarsu, shi ya sa ya gayyato har da ita. Na haɗa giya da lemun tsami da ƙanƙara, na zuba gyaɗa da cuku a ƙananan faranti. Kowa a tsaye da kofinsa, yadda aka saba a nan.

Sai ga Goggo Lesieli, yayar Baba da ke zaune a garin nan, ba sanarwa. Ta dubi farantan, ta dube ni, ta ce da yarenmu, "Ke, kaji kika tara ko mutane? Ina gasasshen alade? Ina doya?"

Shugabar ba ta jin yarenmu, ta miƙo mata faranti. "Anti, ɗanɗana cukun nan, da daɗi!"

Goggo ta juya ta fita hannu rabbana, ni ko ƙunshin da zan bi ta da shi babu. Har yau ba ta ɗaga wayata.

Don Allah ki aiko min tabarma mai kyau in je ban haƙuri da ita, yadda ake yi a gida. Allah ya ƙara muku lafiya. Duk wanda ya tambaya, ki ce al'adar ƙasar nan ce. Ke kaɗai zan gaya wa, Mama: ko da a ce alade ake bayarwa a nan, gyaɗar nan da cukun ne kawai a gidan.

'Yarki,
Siutiti