Inda Kibiyarki Za Ta Tsaya

'Yata Amarya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da su Baba. Ya ƙarin haƙuri? Ni dai ƙafar ce har yanzu, sai wata gajiya da barci ba ya ɗauke ta.

Makullin ɗakinku da kika aiko ya iso. Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba.

Kin tuna zanen dangi da mijinki ya fara a kwamfuta? Sunaye kawai yake rubutawa layi-layi, ita ta fitar da hoto, kowane gida a akwatinsa, kibiyoyi suna haɗa mutane. Auta ta buɗe mu ƙarasa. Ta mayar da yayan nata akwatin waɗanda suka rasu, kusa da babansu, sai kibiyarki ta bi shi can. Sunanki ya rage a waje, ba abin da ya haɗa ki da gidanmu. Tashi na yi na hau wanke kwanukan da na riga na wanke.

Na ce ta ɗaura ki a jikin akwatin gidan gaba ɗaya. Ta gwada, sai kwamfutar ta ƙirƙiro wani baƙo mai sunan gidanmu, ta ajiye shi a gefe, ta ba shi ke. Muka yi dariya, daga nan Auta ta fashe da kuka. Mun rufe.

Ki gaida kowa.
Ummanki

'Yata Amarya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Auta ta tambayi abokin aikin marigayi. Ashe kibiya ba ta iya kama akwati. Dole a rubuta sunan mutum ɗaya na ciki, sannan a umarce ta ta tsaya a bangon akwatin. A ido sai ka ga ta riƙe gidan duka, amma a rubuce mutum ɗaya ne ya riƙe ta.

Na ce a sa sunana. Ni na danna haruffan da yatsa ɗaya, na ɓata sau ba adadi, Auta tana ta mita.

Ban ce ki zauna jiranmu ba. In Allah ya kawo wani, da hannuna zan raka ki. Amma ki riƙa zuwa, ko ba dalili. Ga makullinki nan cikin ambulan, kada ki sake aiko min da shi.

Na gaji. Allah ya yi miki albarka.
Ummanki