Kada a Bari Injin Tafkin Majema Ya Tsaya

Zuwa ga Manajan kamfanin jima da ke tsakanin Bodinga da Shagari.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni manomin albasa ne, fadamata tana ƙasa da magudanar kamfaninku. Godiya ce ta sa na ɗauki alƙalami, sai kuma koke guda.

Na ɗaya. Shekarar da kunka buɗe, ruwan jimarku ya biyo kwari, baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Irin da na yafa ya ƙone kafin dashe. Saniyar maƙwabcina Ardo Jaɓɓi ta sha, ta mutu. Matata Hajo, mai ciwon fuka, sai da ta koma gidansu don ta samu numfashi. Na zage ku a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Na biyu. Kun turo Malam Sani, ma'aikacinku mai kula da ruwa, ya haƙa tafkuna. Ya ce mani, "Baba, akwai 'yan halittu a ciki da ido ba ya gani. Su ke cinye abin da ke kawo warin, muddin ana hura masu iska." Na yi masa dariya a gaban jama'a. Kafin damina ta faɗi wari ya ɗauke, wani gari rawaya ya riƙa kwanciya a gindin tafki. Ya ce farar wuta ce, in barbaɗa kaɗan a gona. Albasar da na cire bara ta kai bazara a rumbu ba ta ruɓe ba. Hajo ta dawo ɗakinta. Da ƙafata na je na ba shi haƙuri. Mun gode, Allah ya saka.

Na uku, koken. Tun da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyara sun yi wuya. Bel ɗin injin hura iskar ya tsinke, Malam Sani ya ɗinka wani da fata, shi ke riƙe da injin yanzu. Ga shi mun ji a kasuwar Bodinga yana cikin waɗanda za a sallama. Ranar Juma'ar da ta wuce injin ya wuni a tsaye, kafin la'asar mun ji warin a masallaci.

Don haka ina roƙo a bar mana Malam Sani, a samo wa injin bel. In leburori ne babu, ni da Ardo mun yi magana da mutanenmu: za mu fito gayya mu yashe tafkunan, ku dai faɗa mana rana.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya sassauta mana wannan zamani.

Wassalam.

Naka,
Umaru Mai Albasa, gundumar Bodinga